Yinin Bikin Tungar Gawo

Ga ta nan tafe gare ku, amma ku kife wayoyin nan tukuna, ba na yi wa tsakar kan mutum labari. Ku buɗe kunne kuma, don shari'a za ku yanke a ƙarshe.

An yi wata matar aure mai suna Rumasa'u, sana'arta sa kiɗa a yinin biki na mata, inda maza ba sa shiga. DJ kuke ce musu. Na'urarta faifai biyu gare ta, dama da hagu, da kwamfuta a sama. Waƙa ɗaya na fita ta lasifika, ta biyu na jira a abin kunne, gwanintar kuwa ita ce a ɗora ta biyu a kan ta farko ba tare da ƙafar mai rawa ta san an sauya ba. Akwai wani maɓalli da ke daidaita bugun waƙoƙin biyu da kansa. Da shi Rumasa'u take cin abinci, ita dai danna kawai ta iya.

Wadda ta raba ta da wannan lalaci ita ce Hajiya Barira, tsohuwar mai sa kiɗa tun zamanin da ake juya kaset da biro. Mace ce mai baƙar zuciya, ba ta yabon kowa. Ranar farko ta liƙe maɓallin da salatif, ta yafa ɗankwalinta a fuskar kwamfutar, ta ce a haɗa da kunne. Rumasa'u ta haɗa, kiɗan ya fito kamar awaki biyu suna tsere a kan rufin kwano. Sai Hajiya ta ja ta gidan maƙwabta inda mata biyu ke lugude a turmi ɗaya, ta sa ta rufe ido.

"Wace taɓarya ce ke gaba? Sai kin san mai gaba za ki san wadda za ki riƙe."

Haka ta koya mata. In sabuwar waƙa ta yi gaba, ki taɓa gefen faifai ki ɗan tsare ta. In ta yi baya, ki ɗan tura ta. In kin gyara ta sake zillewa, to gudunsu ne ba ɗaya ba, ki ja ɗan abin rage gudu kaɗan kaɗan har su jera. Wata huɗu suna wannan. Rumasa'u ta sha kuka, ta sha kiranta muguwa a bayan ido. Da ta iya kuma, irin halinku na ’yan yanzu, ta ɓamɓare salatif ta koma wa maɓallinta.

A wata bazara, tana da ciki wata shida, ruwan babbar madatsar yankin ya ja baya fiye da yadda aka taɓa gani. Sai wata dattijuwa ta yi sallama a gidanta sanye da baƙin saƙi irin na da, ta kawo goron gayyata, ta ce a zo yinin biki a Tungar Gawo ranar Laraba. Goron sanyi ƙalau kamar daga randa aka ciro shi, gefen zanen matar kuma a jiƙe, ga shi rabon ƙasa da ruwan sama wata shida. Rumasa'u ta gani, amma ba ta kawo komai a ranta ba.

Ta tafi da yayar mijinta Suwaiba, mai lalle ce da suke zuwa bukukuwa tare. Suwaiba ta kai shekara arba'in, kuma kurma ce tun ƙyandar da ta yi tana ƙarama. Mai a-kori-kura ya sauke su da hantsi a tsakiyar busasshen cikin madatsa, wajen wasu bangaye marasa rufi da ruwa ya janye ya bari. Ya dubi wurin, ya ce zai dawo da la'asar, ya ja motarsa bai ko tsaya shan ruwa ba.

Mata sun fi ɗari zaune a jere, duk cikin saƙi. Babu kukan jariri, babu ƙuda a kan akushi, babu mai gulmar zanen wata. Kun taɓa ganin yinin biki haka? Suwaiba ta ɗora janareta da lasifika a kan guntun bango, ta ja igiya, wuta ta kawo. Dattijuwar nan, wadda ashe ita ce uwar biki, ta matso.

"’Yata, kiɗan bikin nan ya taɓa yankewa sau ɗaya. Kada ya sake."

Rumasa'u ta sa waƙar farko, matan suka miƙe. Rawa suke yi, amma ba a jin takunsu, kuma duk inda suka ɗaga ƙafa sai sawun ya cika da ruwa. Wata ta zo ta liƙa mata kwabo mai huji a goshi, ta ji sanyinsa har haƙoranta. Da lokacin shigar da waƙa ta biyu ya yi, ta duba kwamfuta, sai ta ga fuskarta ta yi raɓa daga ciki, ba a ganin lamba ko ɗaya. Ta danna maɓallinta, ya ƙi aiki. Waƙoƙin biyu suka yi karo. Matan duka suka juyo lokaci ɗaya suka zuba mata ido, ruwa kuma ya ɓulɓulo daga tsagar ƙasa ya rufe mata idon sawu. Ɗan cikinta ya motsa da ƙarfi. Nan ta gane inda ta kawo kanta: duk tuntuɓen da kiɗa ya yi ruwa zai ƙaru, in ya yanke kuwa, daga ita har abin da ke cikinta sun zama ’yan bikin.

A nan aikin Hajiya Barira ya fito, ko da yake ita tana can gida tana barcin rana. Rumasa'u ta rufe ido ta tambayi kanta wace ce ke gaba. Sabuwar ce. Ta taɓa gefen faifai, ta ja abin rage gudu, bugu ya hau kan bugu. Matan suka mai da kai ga rawa, ruwan ya tsaya inda yake. Ta haɗa waƙa goma a jere babu kuskure, hannunta na yin abin da aka tilasta masa wata huɗu.

Rana na tsaka sai wani kiɗan ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, ganga da kalangu na makaɗan tungar da ruwa ya ci tun da can. Ya ɗan fi nata sauri, kuma ta cikin abin kunnenta yake shigowa. Bugu uku ke nan a kanta, ta rasa wanne ne nata. Ta yi tuntuɓe, ruwa ya kai gwiwa. Ta sake, ya kai cinya. Tsoro ya kama ta har ta fara kalmar shahada.

Suwaiba ba ta jin gangar ƙarƙashin ƙasa, domin ba ta jin komai. Ta dai ga ruwa na hawa, ta ga fuskar matar ƙaninta. Sai ta kutsa cikin ruwan ta dafa tafin hannunta na dama a jikin lasifika, inda bugun gaskiya ke girgiza katako, ta ɗora na hagu a kafaɗar Rumasa'u tana buga mata shi ɗaya bayan ɗaya. Lasifikar ta jiƙe, wuta na jan ta, amma ba ta cire hannun ba. Rumasa'u ta daina yarda da kunnenta wajen waƙar da ke fita, ta bi kafaɗarta, ta riƙa jera sabuwar waƙa a kan wannan bugun. Awa uku suka yi a haka, kuma har yau yatsu biyu na hannun Suwaiba ba sa riƙe tsinken lalle.

To, amma riƙe kiɗa daban, fita daban. Man janareta na ƙarewa, matan kuwa ko gumi ba su yi ba.

A gaɓar madatsar akwai wata tsohuwa mai bandar kifi, sunanta Rakiya. A Tungar Gawo aka haife ta. Tana da shekara bakwai, ranar yinin bikin yayarta, aka aike ta ƙauyen tudu aron tabarmi. Kafin ta dawo ambaliya ta sauko ta shafe tungar da duk wanda ke cikinta, daga baya madatsa ta zo ta rufe wurin. Shekara sittin ba ta yarda ko kwale-kwalenta ya bi ta kan tungar ba. Ran nan ta ji kiɗa daga inda bai kamata ba, ta ga ruwa na cika ba hadari. Ta san ko su wane ne. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tura kwale-kwale ta shiga.

Ta iso ruwa ya kai wa Rumasa'u ƙugu. Ta sunkuya ta yi mata raɗa.

"Kada ki kashe, jikata. Ba rawa suke so ba, amarya ce ba a kai ba. Ki riƙa sassautawa har ya zama kiɗan tafiya."

Wannan babu wanda ya san shi a duniya sai Rakiya. Rumasa'u ta riƙa ɗora waƙa a kan waƙa, kowace ta fi ta baya sanyi da ɗan kaɗan, Suwaiba na bin ta da bugu a kafaɗa. Da kiɗan ya sauko daidai takun mai tafiya, sai aka fito da amarya a lulluɓe daga bayan wani bango. Matan suka jeru a bayanta suka nufi inda ruwa ya fi zurfi, suna nutsewa ɗaya bayan ɗaya. Uwar biki ce ta ƙarshe. Ruwa ya kai mata wuya, ta tsaya, ta waiwayo wajen kwale-kwalen.

"Auta, ba za ki raka yayarki ba?"

Muryar mahaifiyarta ce, wadda ta yi shekara sittin tana marmarin ji. Rakiya ta so amsawa kamar ranta zai fita. Amma in ta amsa ta tafi ke nan, kuma babu mai tuƙa matan nan biyu zuwa gaɓa. Ta cije mayafinta, hawaye na zuba, har uwar ta gaji da jira ta nutse. A daidai nan janareta ya mutu, ruwa ya taho gaba ɗaya. Tsohuwar nan ta jawo mai ciki da kurma cikin kwale-kwale, ta tuƙa su zuwa tudu, kayan kiɗa kuwa suna can har yau. Tun daga ranar Rakiya ba ta ƙara yin dariya ba, ta ce ta yi wa uwarta shiru, kuma ba za a sake kiranta ba.

Bayan wata uku Rumasa'u ta haifi ’ya mace lafiya. Mijinta Nafi'u ya ce shi ba zai zaɓi suna ba, a sa wa yarinyar sunan wadda ta ceci ransu, ita da uwarta. Nan gida ya rabu uku. Wasu suka ce Barira, don ba domin salatif ɗinta da baƙar zuciyarta ba, da a waƙa ta biyu an gama, Suwaiba ba ta da wadda za ta buga wa kafaɗa, Rakiya kuma gawa za ta tarar. Wasu suka ce Barira tana kan gadonta aka yi, Suwaiba ce ta tsaya cikin ruwa wuta na cin hannunta, ta ba da sana'arta lokacin da kunnen da aka horar ya ruɗe. Wasu kuma suka ce duk su biyun jinkirta nutsewa kawai suka yi, Rakiya ce ta zo babu wanda ya kira ta, ta san ƙofar fita, ta kuma biya da abin da ba ya dawowa.

Gobe ne suna, an ɗaure rago, liman zai zo da safe, yarinya kuma suna ɗaya za a raɗa mata. To, ku da kuka ji, Barira ce, ko Suwaiba, ko Rakiya? Wace ce a cikinsu ta fi cancanta a yi mata takwara?