Kaucin Tsamiyar Kyauta

Ku matso, yau labarin ba na dariya ba ne.

Kyauta bazawara ce, abin da ta dogara da shi a duniya tsamiya ɗaya ce a gonar gandunsu, tana tsinka tana kaiwa kasuwa. Sai kauci ya fito a kanta. Kun dai san kauci, ba shi da saiwa a ƙasa. Tsuntsu ne ke goge irin kaucin mai danƙo a jikin reshe, ya tsiro nan yana shan ruwan bishiyar, ya yi fure ja kamar tsinken ashana. A ɗorawa ko kaɗanya ba abin kallo ba ne, amma a ƙauyen nan tsofaffi ma ba su taɓa ganin sa a tsamiya ba. Uwarsu ta ce mata, "Kada ki sare, wata rana zai yi rana." Shekara bakwai Kyauta na kallon 'ya'yan tsamiyar na raguwa, ta koma surfen ƙwadago, hannunta duk kanta, amma ba ta sare ba.

Ranar kuwa ta zo. Yayansu Shekarau ya kwanta rai a hannun Allah, mai magani ya ce sai kaucin tsamiya, kuma kada ya taɓa ƙasa.

Ƙanensu Jatau ya hau. Ya yanko ke nan reshe ya ɓalle da shi. Da ya saki kaucin da ya kama wani reshen, amma ya rungume shi a ƙirji ya faɗo ta baya. Ko ganye ɗaya bai taɓa ƙasa ba. Ƙugun Jatau ne ya tafi, har gobe da sanda yake tafiya.

Ladidi matar Shekarau ta jiƙa. Mai magani ya ce in ya yi ƙarfi zai ƙarasa majinyaci, sai mai lafiya ya fara ɗanɗanawa. Kowa ya sunkuyar da kai, ita ta kurɓa. Cikin wata huɗu gare ta, na fari bayan shekara tara da aure. Kafin la'asar cikin ya zube.

Shekarau ya miƙe, har da ƙiba. Da kaka Kyauta ta je gona ta tarar da kututture, masu gawayi na cusa buhu. Shi ya sayar musu, wai shi ne babba. Ta iske shi a zaure, Jatau na gefe da sandarsa, Ladidi na jin su daga tsakar gida.

"Yaya, tsamiyar da ta tashe ka?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ke, wane tashi? Kwanana ne bai ƙare ba. Bishiyar da ba ta 'ya'ya, me za a yi da ita?"

Kyauta ta kasa kuka don baƙin ciki. Ni ma da nake ba ku labarin raina ɓace yake.

To, tsakanin Kyauta da Jatau da Ladidi, wa Shekarau ya fi cuta?