Hajiya Delu da Nonon Hagu

Akwai wata Hajiya Delu, mai sayar da atamfa a Maradi, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa yin kuskure ba. Ita ta faɗa. Ku gyara zama, jama'ar wannan shafi, ko da yake ba ku cancanci labarin ba: kwana huɗu ban leƙo ba, ko mutum ɗaya bai tambayi lafiyata ba. Na yafe, don ni mutum ne mai girman zuciya.

Hajiya Delu tana da ƙane, Ƙasimu, tela a Talladjé nan Yamai. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, shi ya sa ko a waya ta kira shi sai ya miƙe tsaye.

Matarsa Zalika, 'yar Tawa, ta haifa masa tagwaye: Halidu da Zahra'u.

Ranar suna Hajiya ta jera jariran a kan tabarma ta yi rabon kama. Hanci na gidansu Hajiya ne. Goshi na gidansu. Dogayen yatsu na kakansu. Da Zahra'u ta tsanyara kuka sai ta ce, "Wannan kam na mutanen Tawa ne."

Sannan ta kafa doka: nonon dama na Halidu, na hagu na Zahra'u, kada a kuskura a gauraya. Zalika ta ce, "To, Yaya."

Da lokacin rigakafi ya yi, Zalika ta goya ɗaya ta rungumi ɗaya ta kai su. Cikin abin da aka ba su har da ɗigon baki na zawon rota, wannan zawo da amai mai tsotse ruwan jikin jarirai. Rana ɗaya aka ɗiga musu, aka buga hatimi a karne, wato katin rigakafin kowannensu. Da aka ce a komo, ta koma. Ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Suna wata bakwai zawo ya shigo unguwa.

Halidu ya yi na yini guda, ya warware, ya koma cizon kunnen ubansa. Zahra'u kuwa abin ya kama ta da gaske. Amai, zawo, amai. Kwana biyu kacal yarinya ta yi laushi kamar tsumma.

Ƙasimu ya yi abin da ya fi iyawa: ya kira yayarsa. Washegari da hantsi sai ga Hajiya ta sauka daga kar, wato motar bas, da jaka biyu da fushi.

"Ina karnen?"

Aka miƙa mata. Ta sa tabarau, ta duba wannan, ta duba wancan.

"Rana ɗaya. Hatimi ɗaya. Ruwa ɗaya suke sha, ɗaki ɗaya suke kwana. To me ya raba su?" Ta nuna ƙirjin Zalika da yatsa. "Ga shi nan. Nonon hagu! Mugun nono ne, kuma a jini yake. Mu a gidanmu ba a san zawo ba."

Kun ji fa. Gidan da ba a zawo! Ni kaina, da duk tsabtata da ƙamshin turarena, ban isa in yi wannan rantsuwa ba.

"Daga yau an yaye ta," in ji Hajiya. "Gobe da safe zan wuce da ita Maradi. Kunu da madarar akuya, sai ta zama mutum. A hannuna za ta girma."

Zalika ta dubi mijinta. Ƙasimu ya dubi keken ɗinkinsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Yaya ta fi mu sani," ya ce a hankali.

Da wata macen ce, da tuni unguwa ta taru. Zalika ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa, ta ɗora hannu a kan 'yarta.

"Yaya, na ji. Alfarma ɗaya nake roƙo. Dubi maɗigarta ta faɗa, tana kuka babu hawaye. Mu biya asibiti yanzu. In likita ta ce nonona ne, ni da kaina zan ɗaura miki ita a baya."

Hajiya ta gyara mayafi. "Mu je! Dama ina son mai ilimi ya faɗa miki a gaban jama'a."

A asibitin suka sami Dokta Madina, wata siririyar mata mai saurin hannu. Tana ɗaga fatar cikin yarinyar ta ga ba ta koma da wuri ba, ba ta tsaya gaisuwa ba. Nan take aka sa wa Zahra'u ƙarin ruwa, aka ɗauki bayan gidanta zuwa gwaji.

"Yaushe rabonta da nono?"

"Tun safe na hana," in ji Hajiya, tana taƙama.

Dokta ta juyo ta dube ta sama da ƙasa. "Tanti, ke ce wa?"

"Gwaggonta. Ni na gano ciwon."

"Madalla. Zauna."

Ba a jima sosai ba sakamako ya fito: rota ce. Hajiya ta tafa hannu.

"Yawwa! An ɗiga musu tare, ya kama wa namijin, bai kama wa macen ba. Faɗa mata, Dokta. Shi yana shan dama, ita tana shan hagu."

Zalika ta sunkuyar da kai. "Yaya, ki gafarce ni. Tun suna sati biyu ungozoma ta ce in riƙa sauya musu. Kowa yana shan ko'ina."

Jama'a! Da kun ga fuskar Hajiya. Wata shida da rabi ana karya dokarta, ita tana Maradi tana ba maƙwabta labarin tsarinta.

Amma Hajiya ba ta faɗuwa sau ɗaya. "To jini ne. Jinin Tawa."

Dokta Madina ta ja kujera ta zauna kusa da ita.

"Tanti, kin kusa gaskiya, amma kin sauka a tashar da ba taki ba. Ɗigon nan ƙwayar cutar ce aka raunana, don ta koya wa jiki yadda zai yi faɗa da ta gaske. Kafin ta koyar, sai ta sami abin kamawa a bangon hanji, kamar yadda riga take buƙatar ƙusa kafin a rataye ta. Masu bincike sun ga cewa wasu yara ana haihuwarsu da irin ƙusar da ɗigon yake so, wasu kuwa babu. Waɗanda babu, rigakafin yakan kama musu da rauni. Gado ne. Kuma tagwaye mace da namiji ba gado ɗaya suke ɗauka ba."

"Ai abin da na ce ke nan!"

"Ban gama ba. Ban auna yarinyar nan ba, don haka ba zan rantse cewa shi ne ba, akwai wasu dalilan. Amma in shi ne, ba ya fitowa sai yaro ya ɗauko daga uwa, ya kuma ɗauko daga uba. Rabi daga Tawa, rabi daga Maradi."

Ƙasimu ya yi tari.

"Kuma ba aibi ba ne, ba laifin kowa ba ne, kamar tsawo da gajarta," in ji Dokta. "Rigakafin yana ceton yara masu yawa, shi ya sa ɗan'uwanta yake can yana wasa. Ita kuma abin da ya riƙe ta kwana biyun nan nonon uwarta ne. Da kin cire ta kin hau kar da ita a wannan hali, ina tsoron ko Dogon Dutsi ba za ku kai da ita ba."



Hajiya Delu ta cire tabarau. Muryar da ta fito ba wadda aka saba ji ba ce.

"Dokta... ɗana na fari, Bala. Watansa takwas ya yi irin wannan. Uwar mijina ta ce nonona ne mugu. Aka cire shi. Kwana uku ya yi." Ta juya tabarau a hannunta. "Shekara talatin ke nan ina ganin ni na kashe shi."

Ƙasimu ya zaro ido. Bai taɓa jin yadda Bala ya rasu ba.

Dokta ta kama hannunta. "Ban san ƙwayar da ta kama shi ba, Tanti. Amma na san nonon uwa ba guba ba ne. Ba naki ba, ba na Zalika ba."

Hajiya ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan da ta riƙe tun tana yarinya. Zalika, wadda aka zo asibiti don a kunyata, ita ce ta matso ta dafa mata baya. Ni mai ba ku labari ba na kuka, kun sani. Wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Can Zahra'u ta motsa, ta buɗe baki tana lalube.

"Me kike jira?" Hajiya ta ce, tana share hanci. "Ba ta! Ba ta mana!"

Yarinya ta kama, ta ja, ta ja. Bayan kwana uku aka sallame su da ruwan gishiri da sukari da ƙwayoyin zinc, aka ce a ci gaba da nono da sauran rigakafi.

Ranar komawa Maradi, Hajiya ta tsaya a bakin kar, bayanta babu goyo. Ta dubi Zalika da 'yarta a kafaɗa.

"Ki yafe ni, ƙanwata."

"Na yafe, Yaya."

Sai ta juya kan Ƙasimu.

"Kai kuma! Mace ta zo gidanka ta ce za ta ɗauke maka 'ya marar lafiya, ka tsaya kana kallon keke? Gobe ko ni ce, ka ce a'a!"

"To, Yaya."

"Ka ji shi ko!"

Darasi: Rigakafi ɗaya, jiki daban-daban. In yaro ya kamu bayan an yi masa, ba lalle laifin uwa ba ne, ba kuma dalilin daina rigakafi ba ne. Abin da yaro ya gada daga gida biyu ya ɗauko shi. Kada a cire jariri mai zawo daga nono, a gaggauta kai shi asibiti. Kuma kafin ka ɗora wa wani laifi, ka tambayi wanda ya sani. Ku tura wa kowace gwaggo da ke cikin wayarku, ku kuma ce daga wurina ya fito, kada wani ya ci yabon wahalata.