Sunan da Gordon Ya Laƙaba wa Baƙo

Akwai wani dattijo a garinmu na bakin tafki, a nan arewacin Amurka, ana kiransa Gordon Petrak. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas ɗin gari kafin ya yi ritaya. Matarsa Lorraine ta rasu shekara biyu da suka wuce, 'ya'yansu kuma sun watsu a wasu jihohi.

Abu ɗaya ya rage da yake sa shi ɗoki, shi ne wasan ƙungiyar garinmu na ranar Lahadi, ƙwallon nan namu na hular kwano da bangaza.

Lorraine ce ta koya masa kallon wasan. Kowa na bin ƙwallo da ido, ita kuwa ƙartin nan biyar take kallo, waɗanda ke jeruwa gaban mai jefa ƙwallo su zame masa katanga. A cikinsu ta fi son Lamont Heskett, mai lamba saba'in da huɗu. Takan zunguri mijinta ta ce, "Gordy, dubi bawan Allah nan. Shi ke shan duka, wani ke shan tafi."

Bayan rasuwarta, duk sanda Lamont ya duƙa ya dafa ƙasa, sai Gordon ya ji kamar gwiwar hannunta ce ke taɓa haƙarƙarinsa.

Wata safiya a watan Agusta, tsofaffin unguwa na shan kofi a gidan abincin Donna, sai labari ya fito a talabijin. An yi musayar Lamont. An tura shi wata ƙungiya can gaɓar tekun yamma, an karɓo wani matashi mai suna Tyrell Dunmore a madadinsa.

Curtis, abokin Gordon tun suna samari, ya buga tebur. "Shekara goma sha ɗaya! Ko takalmi ne ai ka yi masa sallama kafin ka yar."

Donna ta ce, "Gwiwoyinsa sun gaji, Curtis. Kamar naka."

"Nawa ai ba a sayar da su ba!"

Aka yi dariya. Gordon bai yi ba. Ya bar wainar ƙwansa ta huce, ya tashi ya fita. A mota ya zauna riƙe da sitiyari bai kunna ba. Ji yake kamar an sake shiga gidansa an kwashe kayan Lorraine.

A wasan farko Tyrell bai yi abin kirki ba. Sau uku ana wuce shi ana kayar da mai jefa ƙwallo. Washegari Gordon ya kira shirin wasanni na rediyo.

Ya ce, "Wannan yaron da kuka kawo mana ƙofar kasuwa ne. Kowa ya zo wucewa yake. Ku mayar da shi inda kuka ɗauko shi!"

Mai shirin ya yi dariya har da tari. Suka yanko maganar suna sakawa safe da yamma. Kafin mako biyu, filin wasa gaba ɗaya na rera "Ƙofar Kasuwa" duk sanda Tyrell ya shigo. A gidan Donna har tafa wa Gordon ake yi, shi kuma yana ɗaga hula.

To, Gordon na da wani aikin sa-kai. Duk Laraba da Juma'a yakan tuƙa motar cocinsu ya kai marasa lafiya wankin ƙoda. A cikin kwanakin nan aka ƙara masa sabon fasinja, wani tsoho siriri mai suna Alvin Tolbert, wanda bai daɗe da tasowa daga Alabama ba. Kullum da kwat da hula yake fitowa, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Tun ranar farko rediyon motar ya sako muryar Gordon. Ya ƙara sauti ya ce, "Ka ji wannan, Mista Alvin? Ni ne."

Tsohon ya dubi taga. "Na ji, yallaɓai. Kana da murya."

Hanyar tana da ɗan tsawo, sai hira ta saba shiga tsakaninsu. Mista Alvin ya ba shi labarin gidansa na katako, da kuɓewar da ya bari a lambu ba a tsinka ba, da kabarin matarsa Odessa a bayan coci, wanda yake sharewa duk Asabar.

"Yanzu ban san wa ke share shi ba," in ji shi. "Jikana ne aiki ya kawo shi nan. Ni na raine shi tun yana shekara huɗu. Ya ce ba zai bar ni ni kaɗai da wannan ciwon ba."

Gordon ya ce, "Yaron kirki ne."

"Ƙwarai kuwa. Shi ma garin bai karɓe shi ba tukuna. Sai ya dawo ya zauna a mota ya daɗe kafin ya shigo, don kada in ga fuskarsa."

Gordon ma ya fara ba shi labarin Lorraine, abin da bai taɓa yi da Curtis ba. Ya gaya masa har yanzu kofi biyu yake ɗaukowa da safe, sai ya tuna ya mayar da ɗaya. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce shi ma ya yi shekara yana haka.

Amma da zarar an zo maganar ƙwallo, sai Gordon ya koma kan Ƙofar Kasuwa. Mista Alvin bai taɓa tanka masa ba. Sai dai ya gyara hularsa ya ce, "Allah ya sa ya gyaru."

Haka suka yi wata uku.

Wata Juma'a a watan Nuwamba, dusar ƙanƙara ta zuba, Mista Alvin kuma ya fito daga wankin ƙoda jiki ba ƙarfi. Da suka isa gida ya kasa taka matakalar ƙofa. Gordon ya danna ƙararrawa.

Wani ƙato ya buɗe, gwiwarsa ɗaure da ƙanƙara, yana ɗingishi. Ya sauko da sauri ya ce, "Kaka! Me ya sa ba ka kira ni ba?" Ya sungumi tsohon kamar jariri.

Gordon ya san fuskar nan. Duk garin ya san ta. Tyrell Dunmore ne.

Ya tsaya a cikin ƙanƙara riƙe da sandar tsohon, ya kasa gaba ya kasa baya. Tyrell ya waiwayo ya ce, "Kai ne Mista Gordon ko? Shigo, yallaɓai, sanyi ya yi yawa. Kaka kullum maganarka yake."

A falo, bayan an lulluɓe tsohon da bargo, Gordon ya cire hularsa.

"Mista Alvin, wata uku ina zagin jikanka a gabanka. Me ya hana ka faɗa mini?"

Tsohon ya yi murmushi. "Da na faɗa, da kunya ta sa ka yi shiru, da ban ji labarin Lorraine ba. Tun ranar farko na gane ba jikana kake wa ihu ba. Wani abu ka rasa, shi kuma shi ka tarar a wurin."

Gordon ya juya ga Tyrell. "Ɗana, sunan nan da ake kiranka da shi..."

"Na sani, yallaɓai. Kaka ya gaya mini tun tuni." Tyrell ya gyara wa kakansa bargo. "Ba zan ce bai yi mini ciwo ba. Amma kai ke kai shi ka dawo da shi lafiya, kuma ranar da ya hau motarka ne kawai nake jin ya yi dariya. Zauna mu ci abinci."

Gordon ya ci soyayyar kaza da burodin masara, hawaye na ɗiga a farantinsa, su kuma suka yi kamar ba su gani ba.

Ranar Litinin ya sake kiran rediyo ya ce ya janye maganarsa, yaron mutumin kirki ne. Mai shirin ya ce, "Haba Baba, kada ka ɓata mana wasa," ya katse shi. Ba wanda ya maimaita wannan. A filin wasa kuwa aka ci gaba da rera sunan, ko a ranakun da ba wanda ya iya wuce Tyrell. Gordon yakan miƙe ya yi ta ɗaga hannu yana cewa su bari, muryarsa na ɓacewa cikin dubban muryoyi.

Duk Talata, ranar hutun 'yan wasa, a gidan su Tyrell Gordon yake cin abincin rana. Shi da Mista Alvin su buga karta, Tyrell na dafa musu abinci yana tsokanarsu cewa dukansu magudi suke yi. Rabon da Gordon ya ji daɗin sanyin hunturu haka, tun Lorraine na da rai.

A watan Maris ƙungiyar ta sake yin musaya. Aka tura Tyrell wata ƙungiya a kudu. A gidan Donna aka yi ta shewa. Curtis ne kaɗai ya dubi abokinsa, ya ajiye kofinsa, ya dafa masa kafaɗa.

Ranar tafiya Gordon ya je ya taya su loda kaya. Tyrell ya rungume shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Mista Alvin ya sauke gilashin mota ya riƙo hannunsa.

"Ka riƙa kirana, Gordon. Kada ka jira sai kana da labari."

"Zan kira," in ji Gordon.

Ya tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana. Ya daɗe a wurin bayan ta ɓace.

Darasi: Kafin ka huce baƙin cikinka a kan baƙo, ka tuna shi ma akwai abin da ya baro a baya, akwai kuma wanda ke jiransa a gida. Mummunan suna minti ɗaya ake laƙaba shi, amma ko kai da ka ƙirƙira ba za ka iya goge shi ba. Wanda kuma aka zaga ya yi haƙuri, yakan samu abin da ramuwa ba za ta ba shi ba. Ku tura wannan labarin ga abokanku masu zafin kishin ƙungiya, wataƙila wani ya riƙe bakinsa kafin wasa na gaba.