Laimomin Alhaji Mutari

Akwai wani mai manyan motoci a Gaya, ana ce masa Alhaji Mutari. Da Allah ya buɗa masa, sai ya ce zai gina wurin wanka na iyo a bayan gidansu, irin wanda ya gani a otel-otel na Kwatano, da daɓen siminti kewaye da shi inda baƙi za su kishingiɗa.

A filin akwai mangwaron da marigayi mahaifinsa ya dasa. A gindinsa mahaifiyarsa, Inna Habiba, take wuni. Ta makance da daɗewa, amma ba ta yarda a ja ta. Sandarta take ɗauka ta miƙe, in ta ji sanyi ya sauko mata a ka, ta san ta iso.

Mutari ya ce ganye zai ɓata ruwa, saiwa za ta fasa daɓe. Matarsa Nasiba ta roƙe shi ya fara gaya wa Inna. Ya ce tsohuwa ba ta san zamani ba, kuma ya riga ya yi odar manyan laimomi, har ya sa an bar ramukansu a siminti. Ya ce jar laima guda ɗaya a ciki ta Inna ce.

Ya bari Inna ta tafi suna garin Tanda, ya sa aka sare itacen, aka daɓe wurin. Ta dawo, laimomi na hanya. Kowa a gidan ya ji nauyin faɗa mata, kowa ya bar wa wani.

Washegari da rana tsaka ta ɗauki sanda ta fita, ba takalmi kamar kullum. Ta hau daɓen. Ta yi gaba, sanyi bai zo ba. Ta juya, bai zo ba. Allah kaɗai ya san tsawon zagayen da ta yi.

Mutari ne ya tarar da ita zaune a kan simintin, tafin ƙafarta duk ya tashi.

"Mutari, ɓata hanya na yi? Ban ji inuwar babanka ba."

Ta shafa ƙasa da hannu, ta ce, "To. Kai ni ɗaki."

Ba ta sake fitowa ba, ba ta kuma yi masa faɗa ba. Kafin damina ta rasu.

Laimomi sun iso, an kakkafa su. Baƙi na zuwa suna yabawa. Shi kuwa da azahar ta yi sai a gan shi tsaye a tsakiyar daɓen, kai ba hula, yana kasa kunne. Ya gaya wa Nasiba ƙarar sanda yake ji a kan siminti, tana zuwa tana komawa. Ta ce ya shigo inuwa don Allah.

"Bar ni tukuna," in ji shi. "Ba ta samu wurin ba."

Darasi: Kada ka taɓa abin da tsohonka ya dogara da shi sai ka tambaye shi, ko da kuɗinka ne, ko da gidanka ne. Ku tura wa 'ya'yanku su karanta tun iyayensu na da rai.