Ranar da Inuwa Ya Shiga Jarrabawa

Akwai wata malama a cikin birnin Zariya, sunanta Radiya. Tana koyarwa a wata 'yar makarantar firamare mai zaman kanta, a wani lungu kusa da Ƙofar Doka. Ajin huɗu na makarantar ya kasu biyu. Ɗaya nata ne, ɗayan kuma mai makarantar, Malam Zailani, shi yake riƙe da shi da kansa.

Ajin Malam Zailani tun daga bakin titi ake jin sa. Ya faɗa, yara su maimaita. Ya sake faɗa, su sake maimaitawa. Sai ya ce, "Kun gane?" Su amsa, "Mun gane!" har rufin kwano yana ɗauka. Iyaye in sun zo wucewa sai su gyaɗa kai, su ce lallai a nan ana karatu.

Ajin Radiya kuwa shiru ya fi yawa. In ta yi tambaya ba ta yarda a ɗaga hannu nan take, sai ta ce kowa ya yi tunani tukuna. Wani lokaci ta haɗa su rukuni-rukuni su yi musu a tsakaninsu. Duk wanda ya ba da amsa, ko daidai ko kuskure, abu ɗaya take ce masa: "Ta yaya ka sani?"

Ba ta tambayar yara ko sun gane. Ta lura yaron da aka yi wa tarbiyya a gida ba zai dubi babba ya ce masa bai gane ba, ko da kuwa kansa ya yi duhu.

Da aka zo darasin tsirrai, sai ta sa kowa ya zo da gwangwanin tumatir da ƙwayar wake. Suka shuka. Wasu gwangwanayen aka jera a taga, wasu aka tura lungun bayan ƙofa inda rana ba ta kaiwa, wasu kuma aka hana su ruwa. Kafin wake ya fito ta sa kowa ya faɗi abin da yake zato zai faru. Kowace safiya su duba, a ga wanda ya canka da wanda wake ya ƙaryata.

Wata rana Malam Zailani ya leƙo, ya tarar da yara a tsugune suna leƙen gwangwani.

"Malama Radiya, wannan aji ne ko lambu?"

"Aji ne, Malam."

"To ni ban ji karatu ba. Iyaye sun fara magana. Sun ce yara suna komawa gida da tambayoyi maimakon hadda. Jiya Hajiya Jummai ta ce jikarta ta hana ta sakat, komai ta faɗa sai ta ce mata ta yaya ta sani."



"Gobe ki kawo su ajina," in ji shi. "Zan haɗa su in yi musu bita kafin jarrabawa. Ke ma ki zauna ki ga yadda ake koyarwa."

Washegari aka cusa aji biyu a ɗaki ɗaya, Radiya ta tsaya daga baya. Malam Zailani ya naɗe hannun riga.

"Abubuwan da tsiro yake buƙata! Ruwa!"

"Ruwa!"

"Iska!"

"Iska!"

"Hasken rana!"

"Hasken rana!"

Daidai nan ya hango ta taga an bar ƙofar makaranta a buɗe, akuya har ta sako kai. Ya ɗaga murya ya kira dattijon da ke gadi.

"Inuwa!"

"Inuwa!" in ji yara gaba ɗaya.

Shi bai ma ji su ba, hankalinsa yana kan akuya. Ya nuna wa mai gadi ƙofa da hannu, ya juyo. "Kun gane?"

"Mun gane!"

Hannu ɗaya ne ya tashi, na Sailuba, jikar Hajiya Jummai ɗin nan.

"Malam, ni ban gane ba. Waken da muka..."

"Ke! Ni kike ce wa ba ki gane ba? Sauke hannunki."

Da aka tashi, Radiya ta bi shi har bakin ofis. Ta ga abin da ya faru, tana so ta sanar da shi tun kafin jarrabawa ta zo.

"Malam, ɗazu da ka kira Baba Inuwa, yaran..."

"Ba na son wani bayani. Kin ga irin tarbiyyar da kike ba su? Yarinya ta dubi idona ta ce ba ta gane ba! Ni zan fitar da tambayoyi, ni zan duba takardu. In ajinki ya faɗi, zangon gaba ki nemi wani wurin."

Ta koma gida. Dama mijinta, Abdulhamid, ya amince da aikin ne don makarantar tana kusa, da ƙafa take zuwa. In ta rasa wannan, ta san zaman gida ne ya same ta.

Da ta ba shi labari sai ya ce, "To ke ma ki riƙa sa su ihun mana, har a wuce jarrabawa. Me zai rage ki?"

"Ni ba abin da zai rage ni," ta ce. "Su zai rage."

Da safe ta shiga aji, yara suka yi mata caa. "Malama, inuwa tana cikin abubuwan da tsiro yake buƙata ko ba ta ciki?" Bakinta ya so ya faɗa musu kawai a huta. Sai ta daure ta ce, "Ga gwangwanayenku can. Ku je ku tambaye su."

Aka yi jarrabawa. Bayan la'asar Malam Zailani ya zauna duba takardu, ya fara da na ajinsa. Ta farko: ruwa, iska, hasken rana, inuwa. Ya ja tsaki ya soke. Ta biyu ma haka. Ta uku haka. Har ta 'yarsa Fauziyya, wadda ba ta taɓa wuce ta ɗaya ba.

Ya jawo na ajin Radiya. Wasu sun faɗi a wasu tambayoyin, wasu rubutunsu sai a hankali. Amma da wuya ya ga wanda ya sa inuwa. Sailuba kuwa har da ƙari ta yi a ƙasa: "An ce da inuwa, amma waken da muka ajiye a inuwa ya yi tsawo siriri, ganyensa ya ɗashe, ya kwanta."

Ya aika aka kira masa Fauziyya.

"Wa ya ce muku tsiro yana buƙatar inuwa?"

"Kai ne, Baba."

"Ni? Yaushe?"

"Ranar bita. Ka ce ruwa, iska, hasken rana, inuwa."

"Ban faɗa ba! To ke da hankalinki, ya za a yi abu ya buƙaci rana kuma ya buƙaci inuwa? Ba ki yi tunani ba?"

"Ai ba ka ce mu yi tunani ba, Baba. Cewa ka yi mu maimaita."

Ransa ya ɓaci. Ya miƙe zai sa a rufe makaranta ya tafi gida, ya leƙa ta taga ya buɗe baki: "Inu..."

Bai ƙarasa ba. Nan take ya tuna ranar bita, da akuya ta sako kai ya kira mai gadi.

Washegari da safe ya tsaya a ƙofar ajin Radiya ya yi sallama, abin da bai saba yi ba.

"Malama, batun inuwar nan ne kika biyo ni ki faɗa mini ranar?"

"Shi ne, Malam."

"Na hana ki magana, na hana yarinya." Ya juya wajen yara. "Ina Sailuba? Tashi ki ƙarasa tambayarki."

Sailuba ta dubi malamarta, sannan ta je bayan ƙofa ta ɗauko gwangwani, ta ɗauko wani daga taga, ta ajiye su a gabansa. Ya duba wannan, ya duba wancan.

"Zangon gaba kina nan," ya ce wa Radiya. "Kuma in ba damuwa, ranar Litinin zan kawo nawa yaran. Ni ma zan tsaya daga baya."

Har ya kai ƙofa, ya juyo kamar yadda ya saba. "Kun ga..." Sai ya kama bakinsa.

Baba Inuwa kuwa har yau malamai in sun wuce shi sai su ce, "Sannu da aiki, abu na huɗu da tsiro yake buƙata." Ya yi dariya ya ce shi dai bai taɓa shiga aji ba, amma ga shi ya fito a jarrabawa.

Darasi: Yaro ya ce "mun gane" ba shi ne ganewa ba. Malamai da iyaye, mu ba yara lokaci su yi tunani, su gwada da hannunsu, su yi kuskure su gyara. In yaro ya ce bai gane ba, kada mu ɗauke shi marar kunya, mu bar shi ya ƙarasa maganarsa. Ku tura wannan labari ga malamin ɗanku da duk uwar da 'ya'yanta suka dame ta da tambaya.