Smorodinar Pelageya

Akwai wani tsoho mai suna Yefim Lukich a wani ƙauye na yankin Vologda mai tsananin sanyi. Matarsa Pelageya ta rasu da shigowar sanyi, ta bar masa layin smorodina a bayan gida, gajeren itacen nan mai baƙaƙen 'ya'ya masu tsami. Da hannunta ta dasa su. Ganyen take jefawa a shayi, 'ya'yan kuma ta niƙa da sukari su yi ta shafa wa burodi. Cikin duk abin da ta bari, su kaɗai ne masu rai.

Kowace shekara, tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, matan ƙauyen kan tafasa ruwa su kwarara wa smorodina, don ya kashe ƙwarin da suka ɓuya a idon reshe. A lokacin itacen yana barci, zafin ba ya cutar da shi. Pelageya ke kwararawa, Yefim na ɗauko mata bokiti.

A shekarar nan kowa ya yi nasa, shi yana zaune bakin taga. Zuciyarsa ta kasa kai shi bayan gidan. Sai da ƙasa ta bushe ya farga, ya ɗora tukunya.

Maƙwabciyarsa Ustinya ta hango tururi, ta leƙo ta shinge.

"Yefim Lukich, wanka za ka yi a waje?"

"Aikin Pelageya zan yi."

"Ka makara, tsoho. Duba, sun buɗe ido, har kore ya fito. Dafa su za ka yi."

"Ke za ki koya mini? Tun kina yarinya nake ɗaukar bokitin nan. Je ki kula da akuyarki."

"Bokiti ka ɗauka, ba reshe ka duba ba. Don Allah ajiye."

Ya ji gaskiya ce, kuma gaskiyar ce ta fi ɓata masa rai. Ya ɗaga bokitin, ya bi layin yana kwararawa tun daga farko har ƙarshe, tana kallo.

Ba a jima ba tohon ya yi baƙi, ya kakkaɓe. Da smorodinar maƙwabta ta yi fure, ƙudan zuma na ta kai da kawo, tasa tana tsaye kamar tsofaffin tsintsiyoyi.

Wata safiya ya je ƙofar Ustinya, ya cire hula.

"Na kashe mata su," ya ce.

Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ɗauko wuƙa ta biyo shi, ta kankare gindin ɗaya. Can ƙasa akwai ɗanyen kore.

"Saiwa na da rai. Amma sai an sare rassan duka, har ƙasa."

"Rassan da take taɓawa?"

"Su."

"Yaushe za su yi 'ya'ya?"

"Bana babu. Baɗi ma da ƙyar."

Yefim ya san shekarunsa, ya kuma san yadda ƙirjinsa ke yi da sanyi. Ustinya ta miƙa masa wuƙar. Ya durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ya kama reshen farko.

Darasi: Baƙin ciki ba ya zama hujjar girman kai. Idan wanda ya ga abin da ba ka gani ba ya ce ka dakata, to ka dakata, domin abin da ka fi ƙauna shi zai fara ƙonewa a hannunka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai riƙe da nasa bokitin yanzu.