Ladingo da Tulun Man Gyaɗa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, muna nan.

An yi wata mata, sunanta Ladingo. Ita dai ba ta gaisuwa. In ka ce mata "Ina kwana," sai ta ce, "A ɗakina na kwana, ina ruwanka?" Babba da yaro, kowa "kai" ne, kowa "ke" ce.

Wata shekara ta matse gyaɗarta kaf, ta cika ƙaton tulu da mai. Abin da ta mallaka ke nan a duniya. Ran kasuwa ƙarti biyu suka kinkima suka ɗora mata. Ko sannu ba su samu ba. Kun san irin wannan tulun, mutum ɗaya ba ya iya sauke shi, sai an kama masa.

Tana tafe, tana tafe, wuya ya fara ciwo. Sai ga Raƙumi yana cin ƙaya.

Ta ce, "Kai, mai leɓe, sauke min."

Raƙumi ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya ce, "Ban ji sallama ba, ban ga mutum ba. Tulu dai na gani yana tafiya."

Ta ja tsaki ta wuce.

Can gaba ga Biri a gindin tsamiya.

"Kai, mai jan gindi, sauke min."

Biri ya ce, "Ban ji sallama ba, ban ga mutum ba. Tulu dai na gani, har da baki."

Ta ce, "Ni zan gaida biri? Allah ya kiyaye."

Biri ya ce, "Amin, ya kiyaye tulun."

Rana ta take. Gumi har cikin ido. Da ƙyar ta kai bakin kasuwa, inda Iya Gaje, tsohuwar da ke shugabantar masu mai, take zaune. Duk macen da ta iso sai ta durƙusa da tulunta a ka, wuya a miƙe, ko ɗigo ba ya zuba. "Iya, ina wuni." Sai a tashi a kama mata.

Ladingo ta tsaya ƙiƙam. "Ke tsohuwa, a sauke min."

Iya Gaje ta ce, "Mata, kun ji magana? Ni ban ga mutum ba."

Mata suka ce, "Tulu ne, Iya."

Wuya kamar zai karye. Ladingo ta ce a ranta, durƙuso ne? Abin banza, kowa ma yana yi. To amma gwiwar da ba ta taɓa lanƙwasa wa kowa ba ta bushe kamar icce. Ta ja ƙafa, gwiwa ta ƙi. Ta matsa, kai ya sunkuya. Tulu ya sulluɓo, fash.

Mai ya wanke ta tun daga gammo har ɗan yatsan ƙafa. Iya Gaje ta janye tabarmarta kawai.

Sai ga cinnaku sun jero layi. Kowanne ya iso sai ya ce, "Sannu Ladingo, ina wuni," sannan ya ɗana mata cizo. Tana tsalle tana cewa, "Lafiya lau, lafiya lau."

To kun ji. Ku riƙa gaida mutane tun ba ku da abin nema a wurinsu, don ranar da kaya ya yi nauyi ba ranar koyo ba ce.

Ƙurunƙus kan cinnaka, ta ƙare a nan.